'Yar Tsuntsuwar Da Ke Koya Wa Yara Fahimtar Karatu

Zancen kimiyya na yau ya gama abu biyu waɗanda mutum ba zai zaci akwai abin da ya haɗa su ba, watau karatun yara da wata 'yar tsuntsuwa wadda ba ta kai gwara girma ba.

A kowace makaranta, ko a zangon Kumasi ne, ko a Kartum, ko a Landan, a kan sami yaro wanda in aka miƙa masa littafi sai ya tashi tsaye ya karanta shafi guda ba gargada, har iyayensa su riƙa yaba masa. Amma da malam ya rufe littafin ya ce, "To, me ya faru cikin labarin?" sai yaro ya yi tsuru-tsuru yana sosa ƙeya. Bakinsa ya furta kalmomi, amma ma'anarsu ta wuce shi. Wannan cuta kuwa ba ƙarama ba ce. Cikin shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana asalinta a taƙaice. Suka ce karatu ƙafa biyu gare shi. Ƙafa ta fari ita ce iya haɗa baƙaƙe su zama kalma. Ta biyu ita ce gane abin da magana ta ke nufi. Suka ce kuma waɗannan biyu ba tara su a ke yi ba, ninka su a ke yi, goma sau sifiri kuwa sifiri ne. Yaron da ya iya baƙaƙe sarai amma bai gane magana ba, karatunsa bai tsinana masa kome ba. A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, yara 70 cikin 100 'yan shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Hamada adadin ya kai wajen 89 cikin 100.

To, ina a ke samo ƙafa ta biyu? A shekarar 1988 wasu malamai mata biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, suka yi wani gwaji da yara 64. Suka ba su labarin wasan ƙwallon nan da Amurkawa ke bugawa da kulki, wanda a ke kira besbol, suka ajiye musu ɗan siffar filin wasan da 'yan gumakan katako, suka ce kowa ya karanta sa'an nan ya nuna abin da ya faru. Sai ga abin mamaki. Yaran da a ke ganin ba su da ƙoƙarin karatu amma sun san wasan, suka fi waɗanda suka ƙware a karatu amma ba su san wasan ba. Shekara guda bayan haka aka yi irin wannan gwaji a Jamus da labarin ƙwallon ƙafa, aka sami kusan abu ɗaya.

Dalilin haka ba shi da wuyar ganewa. Babu marubucin da ke rubuta kome da kome. Ya kan faɗi abu ɗaya ya tsallake biyu, yana sa rai mai karatu zai cike gurbin da abin da ya riga ya sani. In aka rubuta cewa hadari ya taso, uwar gida ta sheƙa ta kwashe shanya, ba wanda ya ce ruwa zai jiƙa tufafi, amma kowane yaro ya gane, don ya san hadari ya san shanya. In kuwa zancen na abin da bai taɓa ji ko gani ba ne, gurbin ya kan zauna fanko. Saboda haka malamai da yawa suka koma ga wata dabara, watau su ɗauki abu ɗaya na halitta su zauna a kansa mako da makonni, yara suna dubawa da ido, suna ji da kunne, suna karanta labari bayan labari a kansa. A jihar Florida ta Amurka, Nancy Romance da Michael Vitale sun ba da rahoto a 1992 cewa 'yan aji huɗu da aka mai da musu lokacin karatu ya zama na kimiyya mai zurfi, suna gwaje-gwaje suna karantawa suna rubutawa, sun fi sauran a jarrabawar kimiyya, sun kuma fi su a ta karatun kanta.

Cikin abubuwan da malam zai iya zaɓa, da wuya a sami wanda ya fi dacewa da 'ya'yan Hausawa kamar tsuntsayen da Turawan Ingila ke kira wabla, watau masu rera waƙa. Ƙanana ne, launinsu ruwan ƙasa ko toka-toka ko kore-kore, bakinsu siriri kamar allura, abincinsu ƙwari da tsutsotsi da 'ya'yan itace masu laushi. Iri-iri ne. Akwai mai farin maƙogwaro, da mai baƙar hula, da wablar fadama, da wablar ganye. Abin da ya sa suka dace shi ne gida biyu gare su. Suna sheƙa su ƙyanƙyashe a Turai da arewacin Asiya daga watan Afrilu zuwa Agusta, sa'an nan da sanyi ya ƙarato sai su ƙaura zuwa Afirka. Yaron da ke Birmingham zai ji waƙarsu a watan Mayu. Yaron da ke bakin Tabkin Cadi, ko a fadamun Haɗejiya da Nguru, ko a arewacin Gana, zai ga irinsu kan gawo da bagaruwa daga Oktoba zuwa Maris. Wanda ke Jidda ko Fot Sudan kuwa a kan hanyarsu ya ke zaune, suna ratsa shi sau biyu a shekara.

Ga yadda darasin ya kan tafi. Malam ba da littafi ya ke farawa ba. Ya kan fita da yara da sassafe su tsaya nesa kaɗan da itace, su yi shiru, kowa ya zana abin da ya gani. In sun komo aji sai ya sa su gwada bakin wabla da na gwara: wannan siriri, wancan kakkaura. Me kowanne ya ke ci? Daga nan sai ya ba kowane yaro falle biyu na takardar ofis ya ce ya ɗora a tafin hannu. Nauyin nan, wajen giram 10, shi ne nauyin wablar ganye, har ma ya ɗan fi na wata. Sa'an nan ya buɗe taswira ya nuna musu Hamada, wadda faɗinta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 ko fiye, ya tambaye su yadda abu mai nauyin takarda biyu zai ƙetare ta. Kafin a buɗe littafi, yara sun riga sun mallaki kalmomi kamar ƙaura, da guzuri, da zango, da sheƙa, kuma sun ƙagara su ji amsa. Gani ya kori ji.

Amsar kuwa an samo wani sashe nata a ƙasar Barno. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masanan tsuntsaye suka sauka a Malam Fatori, bakin Tabkin Cadi, suka riƙa kama tsuntsaye masu shirin komawa Turai suna auna su suna saki. Suka tarar masu farin maƙogwaro suna cika cikinsu da 'ya'yan itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak, waɗansu irin kuwa suna cin ƙananan ƙwari masu kama da sauro da ke tashi daga tabkin. Abincin nan ya kan zama kitse a ƙarƙashin fata, har wata ta kan kusa ninka nauyinta. Kitsen nan shi ne guzurinta. Bincike na baya ya nuna akasarinsu da dare su ke tafiya, da rana ta yi zafi su sauka su laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi, ba ci ba sha, har magariba.

To, a wannan lokaci ne malam zai rubuta ɗan labari a allo, kamar haka:

"A ƙarshen watan Maris mai farin maƙogwaro ta iso bakin tabki. Ta sauka kan itacen asuwaki, ta yi ta cin 'ya'yansa yau da gobe har ƙirjinta ya cika. Wata rana da magariba ta tashi ta fuskanci arewa. 'Yar'uwarta ta iso a makare, ta tarar 'ya'yan itacen sun ƙare, ita ma ta tashi a daren nan. A watan Mayu aka ga ta farin tana sheƙa a Turai. Ta biyun kuwa ba a sake jin labarinta ba."

Tambayoyin da za su biyo baya hawa uku ne, kuma a nan gwanintar malam ta ke. Hawa na fari, amsarsa tana kwance a allo: a wane wata ta iso, a kan wane itace ta sauka? Wannan kowa zai iya nunawa da yatsa. Hawa na biyu, amsarsa marubuci bai rubuta ta ba: don me ta yi ta ci haka? Don me ta tashi da magariba ba da hantsi ba? Me ya sami ta biyun? A lura, labarin bai ambaci Hamada ko sau ɗaya ba, bai kuma ambaci mutuwa ba. Yaron da ya riƙe takarda biyu a hannu ya kuma dubi taswira, shi zai cike gurbin nan da kansa, kuma malam zai ce masa, "Wace kalma ce ta nuna maka?" don ya saba da kafa hujja daga abin da ke rubuce. Hawa na uku shi ne ya ɗauki abin da ya gane ya kai shi wani wuri: in damina ta yi gardama, itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, me mutanen Turai za su gani a bazara mai zuwa?

Wannan tambaya ta uku ba tatsuniya ba ce, ta taɓa faruwa. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar wajen 70 cikin 100 na masu farin maƙogwaro ba su komo ba. Aka bincika a gida, ba a sami dalili ba. Sai a 1974 wasu masana uku suka nuna cewa ruwan sama ne ya kasa a ƙasashen bakin Hamada a daminar 1968, tsuntsayen suka rasa guzuri. Farin nan shi ne ya ci gaba har ya kai ga babbar yunwar da ta halaka mutane da dabbobi a Nijar da Cadi da Mali da maƙwabtansu a farkon shekarun 1970. Ashe shirun da aka ji a shingayen gonakin Ingila saƙo ne daga Sahel. Yaron da kakanninsa suka ga wannan fari, in ya karanta labarin nan, ba labarin baƙi ya ke karantawa ba.

Akwai kuma wata dabara wadda ta dace da irin wannan darasi, wadda Annemarie Palincsar da Ann Brown suka bayyana a Amurka a 1984. Sun yi aiki da yara waɗanda suka iya furta kalmomi amma ba su gane ma'ana. A kan raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowane yaro ya karɓi matsayin malam bi da bi. Bayan kowane sakin layi sai ya yi abu huɗu: ya yi wa 'yan'uwansa tambaya, ya warware kalmar da ta shige musu duhu, ya taƙaita abin da aka karanta da bakinsa, ya kuma kintaci abin da zai biyo baya. Cikin 'yan makonni yaran da ke cin kashi 30 ko 40 cikin 100 na tambayoyi suka koma cin 70 ko 80. Labarin ƙaurar tsuntsu kuwa kamar don wannan aka yi shi, gama zango-zango ya ke tafiya, kowane zango yana da dalili, kuma a ƙarshen kowanne akwai abin kintata.

Wani abin da mai karatu ke bukata shi ne iya gwama abu biyu masu kama da juna, ya fid da bambancinsu. A nan ma wabla tana da darasi. Akwai iri uku na wablar ganye a Ingila waɗanda suka yi kama ƙwarai, har mutanen da suka ɗauke su iri ɗaya. Wani limamin kirista na ƙauyen Selborne, Gilbert White, wanda littafinsa ya fito a 1789, yana cikin waɗanda suka fara rarrabe su, kuma da kunne ya yi. Ɗaya murya biyu kaɗai gare ta, tana maimaita cif-caf, cif-caf, har abin ya zama sunanta. Ta biyu waƙarta tana gangarowa daga sama zuwa ƙasa a hankali. Ta uku kuwa karkarwa ta ke yi kamar kwabon da aka juya a kan tebur yana shirin kwanciya. Malam zai ba yara bayanin biyu na farin, su ja layi a tsakiyar takarda su jera kamanni da bambanci. Za su tarar cif-caf ƙafarta baƙa ce, fiffikenta gajere, da yawansu kuwa ba su wuce ƙasashen Bahar Rum da bakin Hamada. Ɗayar ƙafarta ta fi haske, fiffikenta ya fi tsawo, tafiyarta ta fi nisa. Sai a tambaye su, mece ce dangantakar tsawon fiffike da nisan tafiya? A shekarar 2018 aka ba da rahoton waɗansu na irin mai dogon fiffiken nan, waɗanda aka ɗaura wa 'yar na'ura a gabashin Saibiriya, sun yi tafiyar kilomita 13,000 zuwa wajen Tanzaniya da Mozambik.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Wablar fadama ita ce ta saɓa wa wannan karin magana, kuma yara suna jin daɗin labarinta ƙwarai. Namijinta ba shi da waƙar gado. Tun yana ɗan tsako ya ke tsintar kukan tsuntsayen da ke kewaye da shi a Turai, sa'an nan ya ƙara da na waɗanda ya tarar a tafiyarsa ta fari, ta gabashin Bahar Rum da Bahar Maliya da Sudan da Habasha da Kenya, har zuwa Zambiya da kudu da ita. Wata masaniya 'yar Beljiyam, Françoise Dowsett-Lemaire, ta saurari waƙoƙinsu ta ba da rahoto a 1979 cewa ta gane kukan tsuntsaye iri 212 a ciki, 99 na Turai, 113 na Afirka. Da ya ke waɗansu tsuntsayen Afirkan a wurare ƙayyadaddu kaɗai a ke samunsu, sai waƙar ta zama shaidar inda mai ita ya bi. Wannan shi ne ainihin aikin da a ke so yaro ya koya: tsuntsun bai ce ya je Habasha ba, amma wadda ta san tsuntsayen Habasha ta ji ta gane.

Har rubutu na sosai tsuntsayen nan su kan ɗauka. Wani malamin makaranta ne a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa a shekarar 1899, don in an tsince su a wani wuri a san inda suka fito. Har yau a na yin haka, kowane zobe da lambarsa da adireshin inda za a aika da labari. Da yawa daga abin da aka sani na hanyoyin ƙaura, daga manoma da masunta da 'yan makaranta aka same shi, waɗanda suka tsinci zobe suka karanta suka rubuta wasiƙa. Malam na iya sa yara su rubuta irin wannan wasiƙa ta gwaji, su faɗi rana da wuri da yadda aka sami tsuntsun. Wanda ya ga haka ya san karatu aiki ya ke yi, kuma da wuya ya sake auna 'yar tsuntsuwa da danƙo.

Yaran da ke Amurka su ma ba a bar su a baya ba, ko da ya ke tsuntsayen da a ke kira wabla a can dangi dabam ne da na Turai da Afirka, suna ne ya zo ɗaya. Akwai wata cikinsu mai baƙin kai, nauyinta wajen giram 12, wadda aka tabbatar a 2015 tana ƙetare tekun Atilantika daga arewa maso gabashin Amurka zuwa tsibiran Karebiyan, tafiyar wajen kilomita 2,500, kwana biyu ko uku ba sauka. Tambayoyin nan hawa uku duk za su hau labarinta.

Amma fa akwai gargaɗi biyu. Na fari, tsuntsu ba ya koya wa yaro baƙaƙe. Dole ne a koyar da haɗa baƙi da wasali a tsanake kowace rana, gama mai ƙafa ɗaya ba ya tsere, ko wace ƙafa ce ta rage masa. Na biyu, sanin wabla ba zai sa yaro ya gane labarin jirgin ƙasa ba. Abin da zai yi shi ne ya ba shi kalmomi da sani waɗanda za su buɗe masa maƙwabtan zance, watau yanayi, da taswira, da ƙwari, da itatuwa, da fari. In an gama da tsuntsu sai a kama kogi, in an gama da kogi a kama hatsi, a yi ta ɗora wani a kan wani kamar jeren tubali.

Iyaye kuma suna da rabo babba cikin wannan aiki, ko da ba su iya harshen da a ke koyarwa da shi a makarantar 'ya'yansu ba. Sani ba shi da harshe. Uwar da ta gaya wa ɗanta da Hausa yadda shamuwa ke zuwa gaban damina, da yadda Azbinawa ke shirya guzuri kafin ayari ya shiga Hamada, ta riga ta cika masa gurbin da zai tarar gobe cikin littafin Turanci ko Faransanci ko Larabci. In kuwa ya gama karanta mata shafi, kada ta tsaya ga cewa madalla. Ta ce masa ya rufe littafin ya ba ta labarin da bakinsa, sa'an nan ta tambaye shi, "Don me?" Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.